Inna, Na Je Gidan Sani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, a durƙushe, takalmi a bakin ƙofa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa da ni'imarsa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Masu riƙe da waya ne za su karanta ta, to su karanta, babu abin ɓoyewa a ciki. Shekara uku ke nan da 'yan watanni da muka kai ki makwancinki a Gwarzo, kuma ban taɓa zama na rubuta miki ba sai yau, domin sai yau na samu labarin da zan iya ba ki ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Mutanen gida duk lafiya lau. Surukarki Rakiya tana gaishe ki, bakinta yana nan yadda kika bar shi, bai ragu da komai ba. Yara sun girma, babban har ya fara leƙa madubi yana neman gemu. Muna nan Mpape a gidan nan na kan tudu, wanda kika ce ko akuya sai ta huta sau biyu kafin ta kai ƙofarsa. Har yanzu in aka fasa dutse da nakiya a kwari sai kwanukan Rakiya sun amsa.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, in sauke shi tun da wuri. Inna, na yi shekara biyu cur ba na magana da ƙanena Sani. Mu biyu kaɗai kika bari, gari ɗaya muke, shi yana Karu ni ina Mpape, amma ko a Sallah ba mu gaisa ba. Da kina raye na san da muciya za ki biyo ni har Abuja.

Ga yadda abin ya faru. Kin san Sani ya zama mataimakin darakta a ma'aikatarsu, ni kuwa ina nan a direbana. Kada masu karatu su ɗauka barin makaranta na yi don shi ya yi karatu, irin labarin nan mai sa hawaye. Ke kin san gaskiya, lissafi ne ya kore ni daga aji uku na gudu tasha, shi kuwa ya rungumi littafi Allah ya taimake shi. Ban taɓa yi masa hassada ba. Alfahari ma nake yi da shi, kuma alfaharin ne ya ja mini.

Wata rana na kai maigidana ma'aikatar su Sani neman wasu takardu. Ya shiga ciki, ni na zauna gindin bishiya tare da direbobi muna cin gyaɗa. Hira ta yi daɗi, bakina ya kasa zama wuri ɗaya, na ce musu ai ƙanena babba ne a ginin nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Wasu suka gaskata, wasu suka kalli takalmina. Ana cikin haka sai ga Sani ya fito tare da wasu baƙi masu kwat da wando. Na miƙe tsaye, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyata, na ɗaga murya na kira sunansa. Ya waiwayo, muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu kaɗan kamar yadda ake yi wa mai gadi, ya shige mota aka ja.

Wani direba mai kai kamar tulu ya ce, “Oga, ko dai kama ce ta yi yawa?” Suka bushe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma gyaɗar nan ban ƙara cin ko ƙwaya ɗaya ba.

Tun daga ranar na toshe lambarsa. Sau biyu yana zuwa Mpape, ya ajiye mota a ƙasa ya hawo tudun nan da ƙafa, da tumbinsa da komai. Zuwan farko na shige ɗaki na sa Rakiya ta ce ba na nan. Zuwa na biyu na ji muryarsa tun daga wajen mai shayi, na fita ta baya na je na zauna gidan maƙwabci ina kallon wasan ƙwallon da ban san masu buga shi ba. Da Babbar Sallah ya aiko da cinyar rago, na ce a mayar. Aka mayar ɗin, sai dai daga baya na gano Rakiya ta yanke rabonta kafin ta miƙa, ta ce ita ba ta yi faɗa da kowa ba.

Ko yaushe ta taso da zancen amsata ɗaya ce: babban wa magajin uba, ni ne babba, shi ya ci mutuncina a gaban jama'a. In ta ce ai ya zo har sau biyu, sai in ce bai same ni ba. Sai ta ce, “Ƙwarai kuwa, ai ƙarƙashin gado ba wurin neman babban wa ba ne.” Ni dai ban shiga ƙarƙashin gado ba, bayan ƙofa na tsaya.

Yanzu bari in ba ki labarin gidan da nake aiki, don ta nan maganin ya ɓullo. Ba ki san su ba, bayan rasuwarki na fara da su. Maigidana mutumin Vietnam ne, wata ƙasa can gabas, gaba da Indiya, kusa da ƙasar Sin. Ƙwallon kashu yake saye a Nasarawa da Kogi yana aikawa gida a jirgin ruwa. Sunansa Tuan, amma kowa Oga yake ce masa. Yana zaune a Maitama da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, wadda nake kira Kaka. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, amma duk gidan babu wanda bai fahimci abin da take so ba. Oga mutum ne mai ma'aikata sama da talatin, in ya yi tsawa a sito buhu ma sai ya gyara zama, amma in Kaka ta kira shi daga kicin da gudu yake zuwa. Ut take ce masa, wai auta ke nan a yarensu.

Inna, da kin ga matar nan da kun shirya. Irin halinku ɗaya, ba ta yarda mutum ya ƙoshi sai ta ga ya kasa tashi.

Watana na farko a gidan na tafka abin kunya. A falonsu akwai wani dogon teburi jingine da bango, a kansa hoton wani dattijo mai siririn gemu, gabansa kuma tire cike da mangwaro da ayaba da lemo. Kullum in na shigo da cefane sai in gan su a wurin, babu mai taɓawa. Kwana uku ina kallo, ayaba ta fara ɗige-ɗigen baƙi. Na ce a raina masu kuɗi dai ba su san zafin abinci ba, kuma ke kika koya mana cewa barin abinci ya lalace alhaki ne. Na kwashe rabi a leda na kai wa Baba Bitrus mai gadi, wani dattijo mutumin Filato, muka zauna bakin get muka yi bismilla, shi ya yi addu'arsa irin tasu.

Muna tsakiyar mangwaro na biyu sai ga Kaka ta fito kamar an harbo ta, tana faɗa da yarensu, hannu na nuna falo, yana nuna sama, yana nuna bakunanmu. Baba Bitrus ya ɓoye ƙwallon mangwaro a bayansa ya ce, “Lawal, wannan mama zai kashe mu yau.” Ta ƙaraso ta tsaya a kanmu, ta kalli gemuna da ruwan mangwaro ke ɗiga, sai faɗan ya tsinke, ta kama ciki tana dariya har da hawaye.

Da yamma Oga ya yi mini bayani. Dattijon da ke hoton mahaifinsa ne, ya rasu. A al'adarsu ana ajiye wa iyayen da suka rasu 'ya'yan itace da shayi, a kunna turaren tsinke, don a nuna ba a manta da su ba. In turaren ya cinye sai a sauke a raba wa mutanen gida. Ya ce dama rabonmu ne, gaggawa kawai muka yi, muka riga tsohon. Na ba da haƙuri har ƙasa. Tun daga lokacin duk sanda Kaka ta sauke tiren sai ta kawo mana namu da kanta, ta miƙo da hannu biyu, tana danne dariya.

Kada hankalinki ya tashi, Inna, addininsu daban namu daban, ban kafa hotonki ina kunna masa turare ba. Addu'a nake yi miki bayan kowace salla, da sadaka ranar Juma'a. Amma na ga mutanen da ba su san alƙibla ba sun riƙe iyaye da hannu biyu, kuma abin ya burge ni.

To, ranar Juma'ar makon jiya Rakiya ta tare ni tun daga bakin ƙofa da waya a hannu. Maryam matar Sani ta sauka lafiya, an samu mace, suna Juma'a mai zuwa. Ta ce Sani da kansa ya kira ta, ya ce a gaya wa Yaya. Na ce Allah ya raya, ita ta je barka, ni ina da aiki. Ta dube ni ta ce in ban je sunan nan ba to in sani na yanke zumuncin ke nan har 'ya'ya, don yaranmu sun fara tambaya ko Baba Sani ya yi sata ne. Maganar ta shige ni, amma na daure fuska na nemi ruwan wanka.

Ranar Lahadi Oga ya ce mu je filin jirgi, wansa zai sauka. Na lura tun a hanya ba ya cikin nutsuwa, ya gyara wuyar riga ya fi sau goma. Ni kuwa ina zaton wani hamshaƙi za mu ɗauko. Sai ga wani ɗan tsamurmurin mutum ya fito, rana ta ƙona shi, da silifas ɗin roba, yana rungume da kwali ɗaure da igiya. Manomin shinkafa ne, bai taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Inna, da ba don idanun ba sai ki rantse daga gonakin shinkafar Kadawa ya taso.

Oga ya haɗe hannuwa a ƙirji ya rusuna masa a gaban jama'a. Na kai hannu zan karɓi kwalin, ya hana ni, ya ɗauka da kansa ya ɗora a kafaɗar rigarsa mai tsada. Ya buɗe wa wan nasa ƙofar baya, kujerar da shi yake zama kullum, shi kuma ya zagayo ya zauna gaba kusa da ni kamar yaron mota. Anh Hai yake kiransa, wato babban yaya, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ɗaga murya sama da tasa ba.

Daɗi ya kashe ni. Tun daga filin jirgi har Maitama ina tuƙi ina cewa a raina, ina ma Sani yana nan ya ga yadda ake yi. Har na so in ɗauki hoto in aika masa, sai na tuna na toshe lambarsa. Da na koma gida na ba Rakiya labari da gishiri da yaji, ta saurara har ƙarshe ta ce abinci na hucewa.

Ranar Talata ce ranar da mahaifinsu ya cika shekara shida da rasuwa, kuma su wannan rana ta fi musu kowace rana girma a gida. Tun da sassafe Kaka take kicin. Da azahar aka jera abinci a gaban hoton, suka kunna turare, babban ya fara rusunawa, auta ya biyo baya. Ni da Baba Bitrus muna waje abinmu. Da suka gama Kaka ta fito ta jawo mu ciki da ƙarfin tsiya. Ta dafa mana kifi da kaza a tukunya daban, kazar ma ni ta ba na yanka da safe, don ta san dokata.

A teburin nan na ga abubuwa. Oga bai ɗauki 'yan sandunan cin abincinsu ba sai da ya gayyaci uwarsa ta ci, ya gayyaci wansa, har ni da Baba Bitrus, don mun girme shi. Shayi da hannu biyu ya zuba wa wan. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ina taɓa Baba Bitrus da gwiwar hannu.

Sai kuma na ga wani abu da ban shirya masa ba. Wan nan ya jawo kifin gabansa, ya yanko tsokar ciki, wurin da ya fi maiƙo, ya zauna yana zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa masu kanta. Da ya gama bai kai bakinsa ba, sai ya sa a kwanon Oga. Mutum mai shekara arba'in da biyar, mai furfura a gefen kai, ana cire masa ƙaya. Oga ya kalli kifin, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Kaka ta tashi ta shiga kicin wai ɗauko miya, alhali miya na kan teburi.

Washegari muna hanyar sito, ni da Oga kawai, na kasa haƙuri. Na ce masa gaskiya mutanenku sun san girman na gaba, ba kamar namu na yanzu ba. Na kwashe labarin Sani kaf na ba shi, ban rage komai ba sai zancen bayan ƙofa. Ina jira ya ce ƙanenka bai kyauta ba.

Bai ce ba. Ya ciro biro ya rubuta wasu kalmomi biyu a bayan wata takarda ya ajiye mini a gaban sitiyari, ga su nan na kwafo miki da duk 'yan hulunansu: luân thường. Na gwada faɗa, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in bari kada in ji wa harshena ciwo. Ya ce ita ce tarbiyyar zama da mutane da suka gada tun kakanni, daga koyarwar wani tsohon malami na ƙasar Sin. Ya buɗe yatsunsa biyar yana lissafawa da guntun Turancinsa da guntuwar Hausarsa: tsakanin shugaba da talakawansa, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, sai aboki da aboki. Ya ce a wurinsu in aka ce mutum ya taka wannan, to an gama zaginsa, babu sauran abin da za a ƙara.

Na ce ai mu ma muna da shi, ladabi da biyayya ke nan, da zumunci. Ya ce a'a, in tsaya, rabi na ɗauka. Kowanne daga cikin biyar ɗin nan baki biyu gare shi, kamar ɗaukar gado, in na gaba ya riƙe na baya ya saki to gado yana ƙasa. Ƙane ya girmama, wa kuma ya tausaya. Ya ce mutane sun fi son haddace abin da za a yi musu.

Daga nan ya ba ni nasa labarin, yana kallon titi. Lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwo tsakiyar kakar kashu ce, kaya na jiran jirgi. Wan ya kira shi sau uku, yana cewa mako mai zuwa, har tsohon ya cika. Bai ga gawa ba, wan ne ya yi komai shi kaɗai. Tun daga ranar wan ya daina ɗaukar wayarsa, shi kuma kunya ta hana shi zuwa gida ya tsaya gabansa. Shekara shida suna haka, uwarsu a tsakiya tana rama. Bana babu wanda ya roƙe shi, mutumin nan ya bar gonarsa a hannun maƙwabta ya kama hanyar ƙasar da bai san ko gaisuwarta ba. Oga ya ce, “Lawal, ni na yi laifi. Amma shi ya hau jirgi.”

Inna, na kusa wuce mahaɗar da za mu juya.

Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin motar langa-langa ce. Kin tuna wadda na yi kwana huɗu ina ƙerawa, mai tayoyin murfin kwalba, Sani ya zauna a kanta ta baje? Na ɗauko kara zan zane shi, ya ruga ya shige bayanki. Ba ki ce bai yi laifi ba. Kika karɓe karan kika ce, “Babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa kansa yake zubawa. In ba za ka iya ba, ka sauka ya hau.” Na yi shekara arba'in ina ɗauka zagina kika yi. Ashe aikin kika gaya mini, ni kuwa rawanin kawai nake so.

Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Sani. Shi abin da ya yi mini na minti ɗaya ne. Ni na mayar masa da shekara biyu, na sa shi hawa tudun Mpape sau biyu a banza, na sa matata ƙarya. Kuma wancan bawan Allah teku ya tsallaka, ni kuwa tsakanina da Karu motar haya biyu ce.

Ranar Alhamis bayan la'asar na nemi izini. Da Oga ya gaya wa Kaka inda za ni da dalilin zuwan, ta ce in jira. Ta shiga bayan gida ta tsinko ɗanyar gwanda guda biyu, koraye shar, ta haɗa da citta mai yawa a leda. Oga ya ce a ƙasarsu miyarta ake yi wa mai jego don nono ya kawo. Ta miƙo mini, sannan ta ɗaga hannu ta dangware ni a goshi, sai da ta yi ɗage kafin ta kai. Wannan kam ban nemi fassara ba.

Cunkoson Nyanya ya ba ni awa ɗaya da rabi na shirya jawabi. Na tsara yadda zan shiga da fuska a ɗaure, in zauna, in bari ya yi bayani, sannan in yi masa nasiha mai ratsa jiki kafin in ce na yafe. Har da ayar da zan jawo na tanada.

Na ƙwanƙwasa get, sai shi da kansa ya buɗe, hannunsa riƙe da igiyar ragon suna. Ya gan ni ya saki igiyar. Rago ya samu hanya ya fice titi da gudu, yara suka bi shi da ihu, Sani ko waiwaya bai yi ba. Ya zube kan tsakuwa da farar shaddarsa, gwiwa biyu, a gaban maƙwabta da masu kafa rumfa. Ya ce, “Yaya, kunya ce ta kama ni ranar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Kafin mu kai shataletale na sauka na hau tasi na dawo, na tarar kun tafi. Tun ranar ban ƙara bi ta gindin bishiyar nan ba.”

Jawabina gaba ɗaya ya gudu tare da ragon. Abin da ya fito daga bakina shi ne, tashi mana, kana ɓata shadda. Na kama shi na ɗaga, ya yi nauyi, Inna, yaron nan ya yi ƙiba ba kaɗan ba. Na ce masa ranar zuwansa na farko ina bayan ƙofa. Ya ce ya sani, ya hango yatsun ƙafata. Muka tsaya a bakin get muna dariya muna share ido, ledar gwanda na rataye a hannuna.

An kamo ragon a bayan wani shagon walda. Gwandar kuwa surukar Sani ta juya ta ta sake juyawa, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin an zo barka da ɗanyar gwanda ba, amma ta karɓi cittar.

Aka shigar da ni falo, Maryam ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, aka miƙo mini jaririya cikin farin zani. Na tambayi sunan da aka yi mata huɗuba da shi. Surukar ce ta amsa, da ɗan zafinta, ta ce kwana shida ke nan yarinya ba ta da suna, ta yi magana har ta gaji. Sani ya yi mata kiran salla a kunne tun a asibiti, amma ya ce suna ba shi zai saka ba, wansa ne. Na ce in da ban zo ba fa? Ya ce da sai liman ya jira gobe, a ɗauki yarinya a hau Mpape.

Maza huɗu Allah ya ba ni, shi ma maza biyu ne da shi. Wannan ce mace ta farko a zuriyarki, don haka babu wanda ya tambayi wane suna ne. Sani ya miƙo mini dabino na tauna na shafa mata a baki, ta tsotsa tana yamutsa fuska. Na sunkuya kan ɗan kunnenta na dama.

A nan na tsaya cak. Shekarata arba'in da takwas, ban taɓa furta sunanki da bakina ba. Ko a takardar asibiti nuna wa ma'aikaci nake yi ya karanta da kansa. Ke ma haka, kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ki kin kira nawa ba, “kai wannan” kike ce mini har ranar da kika rufe ido. Mun yi zaman duniya ni da ke, ina son ki kina so na, babu wanda ya taɓa kiran wani. Na buɗe baki murya ta ƙi fita. Sani ya matso ya dafa kafaɗata. Na sake gwadawa, a hankali, sau uku kamar yadda ake yi, na kira ki, Inna. Yarinyar ta buɗe ido ta dube ni.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, mutane na karantawa. Jiya Juma'a liman ya faɗa wa duniya, ni na sunkuyar da kai, 'yan gida kuma Ummi za su riƙa ce mata.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske. Allah ya saka miki da Aljannar Firdausi, ke da Baba, ya yafe mini shekara biyun da na yi ina saɓa miki bayan ranki. Allah ya raya takwararki ya ba ta halinki, ya rage mata faɗan kaɗan. Tsohuwar nan ta Maitama da 'ya'yanta biyu, Allah ya saka musu da alheri ya ƙara haɗa kansu. Ni da Sani kuma Allah ya sa mu iso gare ki tare. Amin summa amin.

Wassalam.

Ɗanki na fari,
Kai wannan.